Yadda Na Daidaita Malejin Hilux Ɗina Bayan Canjin Giyabos

Giyabos ɗin da na saka wa Hilux ɗina ya yi kyau ta kowace fuska in ban da abu guda: ya sa maleji ya daina faɗin gaskiya. Motar tsohuwa ce, mai ja da ƙafar baya kaɗai, irin wadda malejinta ke aiki da waya mai juyawa ba da lantarki ba. Da ita nake ɗauko buhuna daga Dawanau in rarraba wa masu shaguna, in damina ta kama kuma in kai taki gona. Tsohon giyabos ya daɗe yana kuka, daga baya lamba uku ta fara fita da kanta in an ɗaga ƙafa daga totur a gangara. Da bakanikena ya buɗe ya duba, ya ce kuɗin gyaran zai kusa kamo kuɗin ɗan Beljiyam, sai muka shiga Ƙofar Ruwa muka sayo wani. Ya zauna daram. Ramukan noti duk sun yi daidai, furofela, wato dogon ƙarfen da ke kai juyi daga giyabos zuwa ƙafafun baya, ta shiga, kuloci lafiya lau. Wayar maleji ma ta ɗauru a mazauninta, da muka zaga da motar allura ta tashi. Kowa ya ce aiki ya kammala.

Lissafin mai ne ya fara ɗaure mini kai. Ina da ɗan littafi a aljihun gaban mota, duk sanda na cika tanki sai in rubuta lita nawa ta sha da kuma abin da lambobin maleji suka nuna. Bayan canjin, littafin ya ce motar ta ƙara shan mai, alhali kuɗin da nake bari a gidan mai bai ƙaru ba, hanyoyin da nake bi kuma su ne dai na kullum. Daga nan na sa ido a kan tafiyar gona. Wadda maleji ya saba ƙirga mata kilomita 60, yanzu 52 yake tsayawa. Sannan a kan babban titi, in allura tana kan 80, sai in ji iska da ƙarar taya sun fi yadda kunnena ya saba, ina kuma cim ma motocin da a da suke wuce ni.

Na ɗauki ɗan yayana, wanda ya fi ni sanin kan wayar salula, muka hau hanyar Zariya bayan sallar asuba, kafin manyan motoci su cika ta. Ya buɗe manhajar da ke auna gudu ta tauraron ɗan'adam, ya riƙe wayar kusa da gilashin gaba. Abin da ya koya mini shi ne awon wayar yana ɗan makara in ana ƙara wuta ko ana ragewa, don haka sai an sami wuri miƙaƙƙe marar hawa, an riƙe ƙafa wuri guda na ɗan lokaci, sannan a karanta. Na tsayar da allura a kan 40, ya ce, “Baffa, 46.” Na kai ta 60, ya ce 69. Da na kai 80 sai ya ɗago kai ya dube ni, ya ce, “Baffa, 92 fa muke yi.” Ban wuce nan ba. Lissafi kaɗai ya ishe ni sanin cewa in ta nuna 100, to muna wajen 115.

Muka sake wani gwajin da ba ruwansa da allura. Na mayar da ƙananan lambobin tafiya zuwa sifiri, shi ma ya fara nasa awon a waya. Da wayar ta cika kilomita 10, nawa yana kan 8.7. Domin kada in dogara da waya ita kaɗai, na yi na mutanen da: a inda alamomin kilomita na gefen titi suke tsaye, na riƙe allura a kan 60, yaron ya duba agogo. Motar da ke gudun 60 na gaskiya daƙiƙa 60 take ci kafin ta gama kilomita guda. Mu a cikin daƙiƙa 52 muka gama. In ka raba 3,600 da 52 za ka sami 69 da ɗoriya. Agogo da waya bakinsu ya zo ɗaya.

Wannan bambancin ba ƙarami ba ne ga mai ɗaukar kaya. Nisan da mota ke ci kafin birki ya tsayar da ita ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ruɓanya kansa yake yi. Tsakanin 80 da 92, nisan tsayawa yana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Duk wanda ya taɓa ratsa Kwanar Gafan lokacin kakar tumatir, ga kwanduna har bakin kwalta, ga yara masu talla suna tsallakawa, ga babura suna fitowa ta bayan manyan motoci, ya san abin da kashi ɗaya cikin uku yake nufi in akwai buhu goma sha a bayanka. Akwai kuma injin: in ina juye baƙin mai duk kilomita 5,000 na maleji, to a zahiri sai motar ta yi kusan 5,750 ke nan. Akwai a-kori-kurar da ke yawo a garin nan malejinsu a mace yake, direbobi da kunne suke tuƙi. Amma wanda malejinsa ya mutu ya san ba shi da maleji, yana taka-tsantsan. Wanda nasa ke rage masa gudu shi ne cikin haɗari, don ya yarda da shi.

Da na koma gareji na ba bakanikena labari. Dattijo ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, hannunsa kuma yana da albarka a kan inji da giya. Ya saurara, ya ce, “Alhaji, ai wannan mai sauƙi ne. A kira mai wayarin ya ciro malejin, a zare allurar a ɗan matsar da ita gaba, shi ke nan.” Haka ake yi a wurare da yawa, kuma in ka gwada a gudu guda sai ka ga kamar an gyara. Na ce, “Baba, Allah ya ƙara girma, duba wannan takardar tukuna.” Na nuna masa abin da muka rubuto. A kan 40 giɓin shida ne, a kan 60 tara, a kan 80 goma sha biyu. Giɓin girma yake yi tare da gudu. Kamar mudun da bai cika ba ne: in ka auna ɗaya asarar ’yar kaɗan ce, in ka auna buhu sai ta fito fili, kuma ba a gyara shi da ƙara tafi guda a kan buhun. In aka matsar da allura ta yi daidai a kan 92, to a cikin gari za ta riƙa nuna 52 alhali ana 46, a can sama kuma ta ci gaba da ragewa. Lambobin kilomita kuwa ko gezau, za su ci gaba da cin kashi 13 cikin 100 na kowace tafiya.

Wani yaron garejin ya sa baki, ya ce wataƙila lamba biyar ta sabon giyabos ce ta fi ta tsohon tsawo. Tunani ne mai kyau amma ba nan take ba. Maleji ba ya sanin lambar giyan da ka saka. Daga ƙarfen da ke fita ta wutsiyar giyabos, wanda furofela ke ɗaure da shi, yake ɗaukar juyinsa, wato bayan duk giyoyin sun gama aikinsu. Ko a lamba biyu kake ko a biyar, in tayoyin baya sun juya sau kaza, wannan ƙarfen ma sau kaza zai juya.

Ga yadda abin yake a ciki. A jikin wannan ƙarfen na wutsiya akwai wani zobe mai haƙora a karkace. Wani ɗan ƙaramin finiyo, wato ɗan giya mai haƙora, na roba mai tauri yana shigowa ta gefe, a cikin gidansa na alminiyom, ya ciji zoben. Shi ne ke juya wayar maleji, ita kuma ta bi ta ƙarƙashin mota ta hau har bayan dashbod. A can aiki ya rabu biyu. Lambobin kilomita ƙananan haƙora ne ke tura su kai tsaye, juyi nawa ya shigo, lamba nawa ta motsa, babu wani zaɓi. Allura kuwa ba ta taɓa wayar ba sam. Wayar maganaɗisu take juyawa a cikin wani ɗan kofi na alminiyom, juyin ya riƙa jan kofin, wani siririn sifirin kuma yana riƙe da shi ta baya. Iya saurin juyi, iya nisan da allura za ta tafi. Wannan rabuwar ita ce ke nuna wa mutum inda ciwo yake. In allura ce kaɗai ke kuskure, lambobin kilomita suna daidai, to laifin na cikin malejin ne, ko sifirin ya saki ko maganaɗisu ya yi sanyi. In kuwa su biyun sun yi kuskure da kashi iri ɗaya, malejin lafiyarsa ƙalau, juyin da ake aiko masa daga ƙasa ne bai cika ba. Nawa, allura ta rage kashi 13, lambobi sun rage kashi 13. Babu dalilin taɓa dashbod.

Baba ya yi shiru yana kallon takardar, sannan ya ce wa yaron, “Kawo sifana mai lamba goma da sha biyu, ka shimfiɗa kwali.” Shi da kansa ya shiga ƙarƙashin motar. Ya kwance zoben da ke riƙe da waya, ya cire noti guda da ɗan ƙarfen da ke danne gidan finiyon, ya sa sukundireba ya ɗan banƙaro shi a hankali. Man giya ya ɗan tsiyayo, ya tare da gwangwani. Ya miƙo mini finiyon yana naso. Da muka wanke shi da fetur sai ga rubutu a jikinsa: 6x21. Ma’ana zoben ciki haƙora 6 gare shi, finiyon kuma 21. Sai furofela ta juya sau uku da rabi kafin waya ta juya sau ɗaya.

Tsohon giyabos ɗina yana nan a kusurwar gareji, ba a riga an kai shi wurin ’yan gwangwan ba. Muka zaro nasa finiyon: 11x33. Raba 33 da 11, uku ke nan cif. Ga ciwon a fili. Motata tana son juyi uku, an ba ta uku da rabi. Yaron ya ce to a saka tsohon mana. Baba ya haɗa su biyun a tafin hannunsa ya nuna masa. Na tsohon haƙoransa ƙanana ne, a matse, na sabon manya ne masu faɗi, karkatarsu ma ba ɗaya ba. Ya ce, “In ka tura wannan ciki zai shiga, har ya juya na kwana biyu. Bayan nan zoben ya tauna shi, garin robar ya bi man giya.” Ko dai a kwance wutsiyar giyabos a sauya zoben ciki, in ma ya yarda ya hau ƙarfen, ko kuwa a nemo finiyon da aka yi domin zobe mai haƙora 6. Na biyun ya fi sauƙi da araha.

Saura sanin haƙora nawa. Hanya mafi gajarta ita ce a ɗauki haƙoran da ke ciki a ninka da abin da maleji ya nuna, a raba da gaskiyar tafiya: 21 sau 8.7, a raba da 10, ya ba da 18.3. Amma na so in tabbatar ta wata hanyar da ba ta dogara da wayar salula ba, domin in na sayi wanda bai dace ba babu mai karɓar mini. A nan ne na ji daɗin aikin sosai.

Malejin motocin Japan masu waya a kan ƙa’ida ɗaya aka gina su: in waya ta juya sau 637 a minti guda, allura ta nuna 60. Wato juyi 637 shi ne kilomita ɗaya. A wasu motocin za ka ga an buga wannan lambar da ƙananan baƙaƙe a ƙasan fuskar malejin ko a bayansa. Don haka abu biyu kawai nake bukata: sau nawa taya ke juyawa a kilomita, da kuma sau nawa furofela ke juyawa kafin taya ta yi juyi guda.

Na fara da taya. Tayoyina 195R15C ne. Ana iya lissafa zagayensu daga wannan rubutun, amma taya in ta ɗauki nauyi tana ɗan zama, zagayen da take ci a ƙasa bai kai na takarda ba. Na biya wurin mai faci aka daidaita iska, na bar buhuna kaɗan a baya kamar yadda motar ta saba yawo, muka sami daɓen siminti mai shafe a bayan wani gidan mai. Na ja layi da alli a gefen tayar baya, daidai inda ta taɓa ƙasa, na ja wani a kan simintin. Yara suka tura motar a hankali ina tafe a gefe ina ƙirgawa da ƙarfi. Da allin ya dawo ƙasa karo na goma na ce su tsaya, na sake jan layi. Muka ja tef: mita 21 da santimita 10. Juyi guda mita 2.11 ke nan. Dalilin yin goma maimakon ɗaya shi ne in hannunka ya goce da faɗin yatsa, kuskuren zai rabu gida goma. Raba 1,000 da 2.11, taya tana juyawa sau 474 a kilomita.

Sai aksul ɗin baya. Toyota tana buga lambarsa a ɗan farantin da ke ɗauke da bayanan mota, tare da lambar giyabos. Nawa G292 aka rubuta, kuma 29 ɗin da ke tsakiya tana nufin 4.10. Da 25 ce, da 4.56 ke nan. Sai dai motar da ta shekara da yawa a hannun mutane daban-daban ba a rantsuwa a kan farantinta, wani ya iya sauya mata kirawun da finiyo, wato manyan giyoyin cikin aksul, tun kafin ta zo hannuna. Muka sa duwatsu a tayoyin gaba, muka ɗaga ƙafar baya guda ɗaya da jak, ɗayar tana ƙasa, giya a firi, birkin hannu a sake. Na yi alama a taya, na yi a furofela. A nan akwai abin da ke rikita mutane: in ƙafa ɗaya ce a sama, ƙananan giyoyin cikin aksul suna sa ta juya ninki biyu, don haka juyi biyu na tayar shi ne matsayin juyi guda. Yaron ya juya taya sau 20, Baba yana kwance yana ƙirga furofela. Ya fito ya ce 41. Raba 41 da 10, 4.10. Farantin bai yi ƙarya ba.

Na tsuguna na yi lissafin da alli a ƙasan garejin, yara sun kewaye ni. 474 sau 4.10 ya ba da 1,943, juyin furofela ke nan a kilomita guda. Raba shi da 637, ya ba da 3.05. Ninka da haƙora 6 na zoben ciki: 18.3. Daidai da abin da wayar salula ta ba mu. Baba ya yi murmushi ya ce, “To, gani ya kori ji.” Na kuma juya lissafin baya don in gane daga inda giyabos ɗin ya fito: finiyo mai 21 ya dace da motar da ke da aksul 4.56 da tayoyi masu rim 14. A can ƙasarsa daidai yake ƙirgawa. Wanda ya sayar mana bai ɓoye komai ba, abu ne da ba a gani daga waje, kuma ba wanda ya saba tambaya.

Babu finiyo mai haƙora 18.3, sai dai 18 ko 19. Kowane haƙori guda yana motsa awon da kashi biyar zuwa shida cikin 100. Da mai 19 maleji zai rage kusan kashi 4, da mai 18 zai ƙara ƙasa da kashi 2. Ko da tazarar ɗaya ce, mai 18 zan ɗauka. Dokar da masu ƙera motoci ke bi a Turai ma haka ta tsara: an yarda maleji ya nuna fiye da gudun gaskiya, har zuwa kashi 10 cikin 100 da ƙarin kilomita 4, amma ba a yarda ya nuna ƙasa da shi ba ko kaɗan. Shi ya sa sabuwar mota ma in ka gwada ta da waya za ka tarar allurarta tana ɗan gaba.

Neman finiyon a kasuwa shi ne ya fi cin rai. Masu sifiya da sunan mota suke sayar da kaya, ba da adadin haƙora ba. Ka ce kana son finiyon maleji mai 18, sai a ce, “Na wace mota, Alhaji?” Ka ce Hilux, a miƙo maka duk wanda hannu ya fara kaiwa. Daga ƙarshe wani mai rumfa, da ya ga na zo da samfur a leda, ya jawo wani tsohon daro daga ƙarƙashin benci ya ce, “Ranka ya daɗe, zauna ka zaɓa da kanka.” Daron cike yake da finiyoyi, farare da ja da masu ruwan ƙasa, duk sun yi baƙi da tsohon mai da ƙura. Ya ba ni fetur a murfin galan da tsohon buroshi. Wasu rubutunsu ya goge, sai na ɗiga alama da biro a kan haƙori guda in bi da farce ina ƙirgawa har in dawo kanta. Adadi kaɗai bai isa ba. Sai karkatar haƙoran ta fuskanci gefe ɗaya da na samfurin, sai tsawon sandarsa ya yi daidai, sai bakin da waya ke shiga bai lalace ba. Na sami wani mai 18 na yi murna, da na ɗaga shi a rana sai na ga tsakiyar haƙoran ta ƙwaƙule, bakinsu ya yi kaifi, alamar ya gama cin zamaninsa. Na ajiye. Wanda na ɗauka daga baya 6x18 ne a rubuce ɓaro-ɓaro, haƙoransa cike, kuma yana cikin gidansa na asali. Na saye su tare, domin finiyo mai ƙarancin haƙora ya fi ƙanƙanta, gidansa ne ke kai shi daidai inda zai ciji zoben. Na haɗa da sabuwar robar zobe ta waje da ɗan ƙaramin sil na ciki.

Wannan sil ɗin kada a raina shi. In ya mutu, man giya yana bin waya yana hawa sannu a hankali, juyin wayar na tura shi sama, har ya isa cikin maleji ya jiƙa kofin alminiyom ɗin. Daga nan allura ta fara nauyi, ko mai ya riƙa ɗigo wa direba a ƙafa.

Wurin sakawa Baba bai yi gaggawa ba. Ya shafa farin giris a haƙoran finiyon, ya tura gidan ciki yana ɗan juya furofela da ɗaya hannun har ya ji haƙora sun faɗa cikin juna. Bai buga da guduma ba. Ya sa yaron ya juya taya, muna kallon bakin finiyon yana juyawa sumul, babu tsalle. Sannan ya sake zaro shi ya duba inda zoben ya share giris ɗin. Sawun ya sauka a tsakiyar haƙoran, ya kuma shiga da zurfi, ba a bakin-baki ba. Da a baki ya tsaya, da ba za a daɗe ba ya cinye. Ya mayar, ya ɗaure noti daidai wa daida don gidan alminiyom ne, ya cika man giya har ya fara dawowa ta ramin cikawa.

Tun da an riga an kwance, muka zare cikin wayar ma muka wanke. Ya shafa mata giris kaɗan daga ƙasa, ya bar wajen kamu ɗaya na sama a bushe don kada ya kai ga maleji. Muka lura wurin ɗora giyabos an bi da wayar kusa da salansa, an kuma lanƙwasa ta sosai a wani wuri. Lanƙwasa irin wannan ita ke sa allura rawa a ƙaramin gudu, zafin salansa kuma ya narka rigar. Aka sake mata hanya, aka ɗaure ta a maƙalanta.

Muka koma hanyar Zariya ni da ɗan yayana, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, iskar taya ɗaya. Allura a kan 40, waya ta ce 39. A kan 60, ta ce 59. A kan 80 tana yawo tsakanin 78 da 79. Da waya ta cika kilomita 10, nawa ya nuna 10.2. Allurar kuma ta daina ’yar rawar da take yi in ana tafiya a hankali. Da muka dawo na sa hannu a ƙarƙashin gidan finiyon, a bushe yake. Na ɗauki kilomitocin da maleji ya ƙirga tun ranar da aka sauya giyabos na ƙara musu kashi 15 cikin 100, don wanda ya rage 13 daga ɗari sai an ƙara masa kusan 15 kafin ya koma ɗari. Lissafin ya nuna lokacin sabis ya riga ya yi, aka juye baƙin mai a ranar.

Wani abokina mai sabuwar Hilux, irin waɗanda suka fara fitowa daga 2005, ya tambaye ni ko tasa ma haka za a yi. Tasa ba ta da waya mai juyawa. A wasu, finiyon yana nan a wutsiyar giyabos amma wata ’yar na’ura yake juyawa, ita kuma ta aika bugun lantarki huɗu a kowane juyi, wato 2,548 a kilomita. A irin waɗannan lissafin haƙora bai canja ba ko kaɗan, sauya finiyo zai gyara. Akwai kuma ɗan akwatin lantarki da ake haɗawa a tsakanin na’urar da maleji, a saita shi ya ƙara ko ya rage bugun da kashin da ake so. Waɗanda kuma suke ɗaukar gudu daga na’urorin birkin ABS da ke jikin ƙafafu, canjin giyabos ko aksul ba ya taɓa malejinsu, girman taya ne kaɗai ke taɓa shi.

Girman tayar nan ya shafe ni ni ma. Ina da niyyar in tayoyin nan suka ƙare in koma masu rim 16 saboda hanyar gona, ramukanta suna dukan ƙasan motar in ta yi lodi. Na auna na wata Hilux mai 205R16 da alli kamar yadda na yi wa tawa, juyi guda ya ba da mita 2.24. Sau 446 ke nan a kilomita, a ninka da 4.10, a raba da 637, a ninka da 6, ya ba da 17.2. Ranar da zan sauya tayoyin, finiyo mai 6x17 zan nema tare da gidansa, a saka su rana ɗaya.